Geron Tsuntsaye

Abin da aka fara yi mini a Faransa sata ce, kuma wanda ya yi ta baƙin mutum ne kamata. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Pari, akwatin ƙarfe a hannun dama, buhun guzuri a hagu, ina neman jirgin da zai kai ni Lil, sai ga wani saurayi cikin kwat ya yi mini sallama irin tamu ta Musulmi. Jin sallamar nan kaɗai ya kusa sa ni kuka. Ya ce ya san hanya, in kawo ya rage mini kaya. Ni kuwa Habsu, mai wayon Dungas, wadda ba a taɓa kayarwa a aji ba, na duba na ga takarduna suna cikin akwati, sai na miƙa masa buhun. Ya kutsa cikin mutane, ina bin ƙeyarsa, ina bin ƙeyarsa, har na nemi ƙeyar na rasa. Ban san abin da ya zaci zai samu ba. Kilishi ne a ciki, da dakuwa, da kuka, da yaji, da garin geron da Inna ta daka da hannunta. Har yau in na tuna ina yi masa fatan yajin ya shiga idonsa.

Ni ƴar Fulanin gida ce, daga wata ruga gabas da Dungas. Muna noma gero da wake, muna kuma da shanu. Lakwal, wato makarantar boko, kama ni aka yi, ba kai ni aka yi ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, Baffa, mahaifina, ba shi da mai yi masa magana wajen mai gari, sai abin ya faɗo kaina. Daga Dungas na wuce Magarya, daga Magarya sai Damagaram, kai yana ja, har gwamnati ta ba ni burs, wato kuɗin karatu, in je in koyo aikin ungozoma. Farkon shekarun saba'in ne. Damina ta riga ta fara yi mana rowa, amma lokacin da na taso shanun Baffa suna nan a kan ƙafafunsu.

A Lil an sauke ni a gidan kwanan ɗalibai mata, wanda wasu matan coci ke riƙe da shi. Na iso da rana tsaka, rabona da abinci tun Yamai. Shugabar gidan, wata doguwa mai farin kallabi, ta zaunar da ni a tebur, ta sa aka kawo kaza da dankali, ƙamshi har tsakiyar kai. Ta ce in ci. Na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi.

To, ku da kuka san gida kun san abin da na yi. Baƙo ba ya faɗa wa abinci daga tayin farko, balle ƴar Fulani. Za ki ce kin ƙoshi, a ce haba, ki ce wallahi yanzu kika ci, a rantse miki, a turo kwanon gabanki, a tashi a ba ki wuri, sannan ki sa hannu kamar an tilasta ki. Ina zaune ina jiran a ce haba. Matar nan ta yi murmushi, ta ce to, ta ɗauke kazar. Na raka farantin da ido har ya shige madafa. Washegari aka sake yi mini tayi, na sake cewa na ƙoshi, aka sake ɗaukewa. Daga nan ta gaya wa mai dafuwa cewa yarinyar Nijar ba ta da yawan ci, kada a matsa mata. Ita a ganinta mutunci ta yi mini.

Na gane kuskurena ba da jimawa ba, ai ni ba jaka ba ce. Amma da wane baki zan koma in ce mata yunwa nake ji? Sai na ce bari in dinga ci a lakwal. A can kuma akwai kantin, wani ƙaton zauren cin abinci. Maza da mata a tebur ɗaya, fuska da fuska, kowa yana tauna yana surutu, kina ganin abin da ke bakinsa. Ni da ko gaban yayana ban taɓa tauna ba! A gidan kwana na Damagaram mu mata ne zalla, mu zagaye daro ɗaya, kowace idonta a kan hannunta. Nan kuwa ni kaɗai ce baƙa a ajinmu. In na ɗaga cokali sai in ga kamar zauren duka ya tsaya ya ga yadda zan kai shi baki. Ga tsoron alade, domin duk miyar da na tambaya sai a ce ɗan kaɗan ne a ciki, ba komai.

Sai na koma sa burodi a aljihu in kai ɗaki. In rufe ƙofa, in zauna bakin gado, in gutsura, sai ya tsaya mini a wuya. A gidanmu mai rufe ƙofa ya ci shi kaɗai, ko ɓarawo ne ko marowaci. Gaban mutane kunya, bayan mutane ma kunya. Tattabarun da ke sauka a tagata dai sun yi ƙiba a shekarar nan.

Sanyi ya shigo, irin wanda ban san Allah ya halitta ba. Rana ta daina fitowa, sai wani haske kamar ruwan wanki. Ranar Asabar ɗalibai duk su watse gidajen iyayensu, gidan ya rage daga ni sai ƙarar bututun ruwan zafi. Nakan yini ban buɗe baki ba, har in ji harshena ya yi nauyi, sai in tsaya gaban madubi in gaida kaina da Hausa, in tambayi kaina mutanen gida, in amsa lafiya lau. Mutum ɗaya ce ta dube ni da idon rahama a watannin nan, wata tsohuwa ƴar Aljeriya mai goge daɓe. Ta tarar ina salla na fuskanci inda ba daidai ba, ta jira na sallame, ta kama kafaɗuna ta juya ni gabas, ta shafa kaina, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Na yi kwanaki ina jin ɗumin hannun nan.

Wata safiya na sauko na tarar an manna babbar takarda a ƙofar ɗakin cin abinci. Hoton mushen saniya ne, da wata mata riƙe da yaro duk haƙarƙari a waje. An rubuta a taimaki mutanen Sahel, an ajiye gwangwanin sadaka a ƙasa. Saniyar irin tamu ce, ja mai dogon ƙaho. A bakin ƙofar nan na fara sanin halin da ake ciki a gida, domin wasiƙa ba ta zuwa daga ruga, wa zai rubuta? Da na zauna, wata ƴar ajinmu ta turo mini man shanu, ta ce in ci da kyau, na yi sa'a da na tsere. Ba da mugunta ta faɗa ba, yarinyar kirki ce.

Daga ranar maƙogwarona ya rufe. Abin da ya fi ban tsoro, yunwar ta fara yi mini daɗi. In cikina ya yi ƙugi sai in ji kamar ina zaune kusa da Inna, abin da ke cinta yana cina. In na haɗiyi wani abu kuwa sai in ji na ci amanarsu. Shirme ne, na sani tun a lokacin. Ƙin cina bai ƙara wa kowa ko tsaba ɗaya a Dungas ba. Amma ciwon nan ba ya jin magana, ko da daga bakin mai shi ne. Gashina ya fara bin mataji, zanena ya koma zagaye ni har ya yi saura, al'adata ta ɗauke. Na dinga jibga riguna, kowa ya ɗauka sanyi nake ji. Ranar da asirina ya tonu muna koyon aiki a ɗakin haihuwa, ina riƙe da tasar ruwa. Na ji ƙarar tasar a ƙasa, ban ji faɗuwata ba.

Na farka a gidan likita, a wani sashe na ƴan mata masu ƙin abinci. Ban taɓa sanin akwai irin wannan ciwo ba, balle a ce har ɗaki aka ware masa. Lokotoron, wato babban likitan sashen, wani mai gemu da tabarau, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jikina ya fara cin kansa, zuciyata ta rage gudu. In ban fara ci da kaina ba za su zura mini roba ta hanci, in hakan ma bai yi ba, to a akwati za a mayar da ni Nijar. Na ji tsoro ƙwarai. Ba mutuwar ce ta fi tayar mini da hankali ba, a'a, a ce na mutu a ƙasar da ba wanda zai yi mini wanka.

Dokar wurin mai tsanani ce. Ba baƙi, ba wasiƙa, ba fita. Kowace safiya a ɗora ki a sikeli kamar buhun gyaɗa. Lokacin cin abinci kuma wata ma'aikaciya ta ja kujera ta zauna gabanki, ta zuba miki ido, tana bin kowane cokali daga faranti har baki. Wato abin da ya fi komai hana ni ci, shi suka mayar magani. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Abincin ya je bakina ya zama kamar auduga. Robar nan kuwa sai da aka zura mini ita, ba sau ɗaya ba.

Sauran ƴan matan na raina su, ba zan ɓoye ba. Ƴaƴan masu hali ne, gidajensu abinci har zubarwa ake yi, wai su tsoron ƙiba suke ji. Na ce wa lokotoro ni ba irinsu ba ce, ni daga ƙasar yunwa na fito, na san darajar abinci. Ya ce in dubi tsintsiyar hannuna in dubi tasu. Na ƙi dubawa, na yi kwana biyu ba na yi masa magana.

A ƙarshen lambun gidan likitan akwai wani tsohon ɗaki mai manyan tagogi, suna ce masa atiliye, wurin aikin hannu. Sau biyu a mako, bayan azahar, ake kai mu can. Mai wurin sunanta Madam Iren. Ba lokotoro ba ce, maginiyar tukwane ce, gajera, mai hannu irin na manomi, tana warin taba da laka. Akwai fenti, akwai zare, akwai yumɓu, kowace ta ɗauki abin da take so. Doka ɗaya ce da ita, ba a maganar abinci ko kilo a ɗakin nan. Abin da na fara lura da shi kuwa, a nan ne kaɗai ba wanda ke kallon wani. Kowace idonta a kan hannunta.

Ni dai na naɗe hannu na zauna. Na ce mata na zo Faransa koyon karɓar haihuwa ne, ba wasan laka ba, mu a garinmu da an yaye yaro ba da daɗewa ba yake barin wannan. Ta ce ba laifi, in zauna kusa da murhu, ya fi ɗumi. Haka muka yi ta yi, ina zuwa ina zama ina harare-harare, tana wuce ni kamar kujera. Ran nan tana wucewa ta ɗora mini curin yumɓu a cinya, ta ce in riƙe mata kada ya bushe, tana zuwa. Ba ta dawo ba, makirar tsohuwa. Ina kallon taga ina jin haushi, yatsuna suna nasu aiki. Da na duba sai na ga tozo, ga ƙaho biyu.

Duk ɗan makiyayi ya san wannan. A bakin tabki muke yinsu da damina, mu jera su a rana, mu yi musu garke da tsinke. Na yi shekaru ban tuna ba, ashe hannuna bai manta ba. Na gyara mata wuya, na fito da laɓɓa, na ajiye. Na miƙa hannu na gutsuro wani yumɓun.

Kusa da ni wata yarinya ce ke zama, Odil, ba ta fi shekara goma sha shida ba, fatarta har kina ganin jijiyoyi. Ba ta magana da kowa. Aikinta kullum zana ƙananan gidajen dara da fensir, ta cika takarda, ta ɗauko wata. Ranar da shanuna suka fara yawa ta ajiye fensir ta tambaye ni ko suna da suna. Tunda na sauka a ƙasar nan ba wanda ya yi mini tambayar da ba ta shafi takarda ko ciki ba. Na nuna mata Saye, uwar garke, wadda in ta tashi kowa ya tashi. Na nuna mata Ɓale mai harbi, wadda ba mai tatsarta sai Inna. Na nuna mata Wule mai farin goshi, tawa ce, jikar saniyar da aka ba ni ranar suna. Sai ta ce, yanzu suna ina?

Na buɗe baki in ce suna gida, sai kuka ya fito, irin na ƙauye, mai sauti, wanda na yi watanni ina dannewa. Madam Iren ba ta zo ta rungume ni ba, da ta yi da na ture ta. Ta dai matso mini da kwanon ruwa don yumɓun kada ya tsage, ta koma kan aikinta. Na ci gaba da yi ina kuka, har na gama garken Baffa kaf, da maruƙa, da bijimin. Bayan ranar na fara yin barci. Ci dai bai zo ba. Sikeli yana nan inda yake, lokotoro ya fara maganar rubuta wa ofishin jakadancinmu.

Sai ranar gero. Madam Iren ta zo da sabon aiki, wai za a shafa gam a kwali a manna tsaba iri-iri a yi hoto. Ta zazzage ƙananan buhuna a tebur, ga wake, ga shinkafa, ga wasu da ban sani ba. Ina can wajen shanuna ban kula ba, sai da na zo wucewa. Wata yarinya ta zana rana, tana cika ta da wata tsaba ƙanana. Na tsaya. Ba irin namu ba ne sak, ya fi ƙanƙanta, ya fi haske, amma gero ne. Gero, a cikin gam, wani ya zube ƙasa ana takawa.

Ban san lokacin da na buge hannunta ba. Na zage su tas, da Hausa, da Fulatanci, har iyayensu ban bari ba. Na durƙusa ina tsince na ƙasa ɗaya ɗaya ina zubawa a bakin zanena, ina kankare na jikin kwalin da farce. Ma'aikaciyar da ke tsaron ƙofa ta taho za ta kama ni, Madam Iren ta ɗaga mata hannu. Ta durƙusa kusa da ni, da ƙyar, don gwiwoyinta ba su da lafiya.

"Mene ne wannan a wurinku?"

"Abinci ne," na ce. "Shi ne abincin. Shi uwata take nema yanzu."

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce a kantin masu tsuntsaye ta saye shi, a nan kanari ake ba, ba ta san mutane suna ci ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta sa hannu ta taya ni tsincewa, Odil ma ta sauko, har wadda na buge. Da muka gama ta tambaye ni yadda ake yi da shi. Na ce surfawa ake yi, a wanke, a daka, a cura, a dafa, a kirɓa, a dama da nono. Ta ce wannan ai aikin hannu ne, kuma nan ɗakin aikin hannu ne.

Ban san yadda ta ƙare da lokotoro ba, na dai ji an ce sun ɗaga murya. Zuwa na gaba sai ga ta da sabon buhun gero, da wani ɗan turmin dutse na daka tafarnuwa, da madarar da suke ce wa yawur, mai kama da kindirmo. Akwai ɗan risho da ake narka kaki a kai, shi ya zama murhuna. Turmin bai fi tafin hannu biyu ba, ni kuma ba ƙarfi, in na yi ƴan bugu sai na huta. Odil ta karɓe ni, wasu ma suka karɓa, duk ƴan matan nan masu gudun abinci suka yi layi suna daka, tunda an ce musu ba abinci ba ne, aiki ne. Na yi bakace da murfin kwali. Yammaci guda muka yi a kan abin da Inna za ta gama kafin rana ta yi zafi.

Furar ba ta yi ba, gaskiya. Ba yaji, ba citta, ga tsaki-tsaki, da a gida ne da an yi mini dariya har shekara. Amma da na dama, sai na ɗebo a ludayin katako na kai baki in ji ko ta yi kauri, yadda duk mai damu take yi. Sai da ta wuce maƙogwaro na tuna cewa ni ba na ci. Na ɗaga kai a tsorace. Ba mai kallona. Madam Iren ta ba ni baya tana goge tebur, ta daɗe tana goge wuri ɗaya.

Odil ta tambaye ni ko mutum shi kaɗai yake sha. Na ce a'a, ba a sha haka, ludayi ɗaya ne yake zagayawa. Muka zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, muna fuskantar taga, kwanon a tsakaninmu. Na sha na miƙa mata. Ta taɓa a leɓe kawai ta mayar mini. Na sake sha. Ranar cikina ya yi ciwo kamar zan mutu, kada wani ya ɗauka abin al'ajabi ya faru. Watanni na yi ina gaba ina baya. Amma an yarda in dinga cin abincina a atiliye, a ƙasa, ni da Odil, ba mai zama gabanmu. Daga fura na koma shinkafa, daga shinkafa har kazarsu na ci. Ita Odil wata rana ta sha ludayi biyu, wata rana ko ɗaya. Na yi mata faɗa, na lallashe ta, na gane dai nata ƙullin ba irin nawa ba ne, ba ni da hannun kwance shi.

Lokacin da sikeli ya fara gamsar da lokotoro, shekarar karatu ta riga ta wuce. Aka yanke burs, aka ce in koma gida in huta. Na roƙa, na yi kuka, ba wanda ya saurara. Madam Iren ta gasa shanun a tandunta, amma akwatina ba zai ɗauke su ba, sai na jera wa Odil su a tagarta, na sa ta maimaita sunayensu har ta riƙe. Na bar ta a can. Ban sake jin labarinta ba, kuma har yau ban san ko ta tashi ba.

Daga Yamai na hau mota zuwa Damagaram, daga nan Magarya. A kasuwar Magarya na ga mutanen arewa zube a gindin itatuwa, masu garke jiya, yau suna sayar da tabarmar kwanansu. Na samu babbar mota mai zuwa Dungas, sauran hanyar na taka da ƙafa, akwati a ka. Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake juyawa, me zan ce? An aike ni in dawo ungozoma, na dawo hannu biyu, ba takarda, kuma dalilin wai na kasa cin abinci a ƙasar da ake ba tsuntsu gero.

Tun daga nesa na san shanun ba su nan, domin ba ƙamshin garke, turakun duk a tsaye ba igiya. Baffa ya tsallaka Najeriya neman aikin gadi. Inna na tarar zaune a inuwar rumbu. Ta rame har na kusa wuce ta. Ta tashi, ba ta rungume ni ba, ni ƴar fari ce a mata, ko sunana ba ta faɗa. Ta dai kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da yatsa biyu, ta daɗe tana dubawa. Ni da nake ganin na murmure.

"Can ma farin ya kai?" ta ce.

Na ce, "Ya kai, Inna."

Ta girgiza kai, ta ce Allah sarki, su ma bayin Allah ne. Ta shiga ɗaki ta fito da ƴar ƙwarya, kunun jar dawar nan ce ta taimako, tsararo, ba nono. Na ga ƙannena sun riga sun sha nasu, suna lasar hannu. Na san na wane ne wannan, kuma na san ba wani a bayansa sai gobe. Na ji maƙogwarona ya fara rufewa, yadda ya saba, yana gaya mini in bar mata, ai tausayi ne. Na san muryar nan sarai, ita ta kusa sa ni a akwati.

"Sha," in ji Inna. "Mu mun saba."

Na karɓa da hannu biyu. Tana tsaye a kaina tana kallo, na shanye shi duka.